Kafin ka ajiye tsohuwar wuƙar aljihunka saboda MagnaCut, ga yadda zaka gane ko ƙarfen ne matsalar

Duk wanda ya ɗan shiga harkar wuƙaƙen aljihun nan masu naɗewa ya san yadda abin yake, ka sayi taka kana jin daɗinta tana yanka maka kwali da igiya lafiya lau, sai wani ya karɓa ya jujjuya ta ya karanta ɗan rubutun da ke jikin ruwanta yaga 8Cr13MoV ko 420HC ko D2, ya taɓe baki yace ai wannan ƙarfen an wuce wajen, yanzu MagnaCut ake yayi. Daga ranar wuƙar ta fita a ranka alhali ba abinda ta yi maka. Ni ma an yi min haka kuma na biye, sai daga baya na gane cewa tun farko ban ma san laifin da nake tuhumar tsohuwar da shi ba.

Toh abinda zan nuna maka anan shine yadda zaka bincika da kanka. Kar ka fara da sunan ƙarfe, fara da yadda bakin wuƙarka yake mutuwa a hannunka, don kowace irin mutuwa maganinta daban, kuma akwai wadda in ka canza zuwa ƙarfe mai tsada ƙara ta'azzara zata yi.

Amma bari in ɗan faɗi abinda ke cikin ƙarfen tukuna, in ba haka ba duk sunayen nan lambobin mota ne kawai a wajenka. Kabon ake zuba wa ƙarfe don yayi tauri, sai kuromiyam don kar yayi tsatsa, kuma sai kuromiyam ɗin ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 sannan ake sa shi a layin marasa tsatsa. Sunan 8Cr13MoV ma lissafi ne, 8 ɗin kabon ne wajen kashi 0.8, 13 ɗin kuromiyam, Mo da V kuma ɗan barbaɗen molibdinam da banadiyam. A Chaina ake yinsa kuma kusan tagwaye suke da AUS-8 na Japan. Inda gizo ke saƙar shine kabon baya zama shi kaɗai, yana kama kuromiyam ko banadiyam su dunƙule su zama wasu ƙananan tsakuwoyi masu masifar tauri a cikin ƙarfen waɗanda ido baya gani, kabayid ake ce musu. Tsakuwoyin nan su ke sa baki ya daɗe bai dakushe ba, su ne kuma ke sa ya ɓantare in sun yi yawa ko sun yi girma, kamar dai siminti da aka cika wa manyan duwatsu, ta gefen dutsen yake fara tsagewa. Sannan duk kuromiyam ɗin da ya shige cikin tsakuwa ya bar aikin gadin tsatsa kenan. Ka riƙe wannan, duk rigimar a kansa take.

Yanzu gwajin. Ka wasa wuƙar da kanka sosai har ta riƙa tsaga takarda ba tare da ta maƙale ba, kar kayi gwaji da bakin da ta zo da shi daga kamfani don injin wasawa yakan ɗumama siririn bakin nan ya rage masa tauri, wani lokaci sai an wasa sau 2 ko 3 ake isa ga lafiyayyen ƙarfe. Daga nan ka sa ta a aljihu sati 2, ka yi aikinka yadda ka saba, kar ka lallaɓa ta kuma kar ka zalunce ta da gangan. Kullum da dare ka buɗe ta ka juyo bakin sama ƙarƙashin fitila. Baki mai kaifi baya sheƙi sam, duk inda kaga ɗan haske yana ƙyalli toh nan ya mutu. Kyamarar waya ma ta isa ka jawo hoton kusa. Sai kuma ka sa farce ka goga daga gadon bayan wuƙar ka gangaro zuwa bakin ta kowane gefe, a hankali fa, ba a tsawon bakin zaka bi ba.

In farcenka yana maƙalewa ta gefe ɗaya ɗayan gefen kuma sumul, bakin kwanciya yayi. Wannan yawanci ɗayan biyu ne, ko ƙarfen bai samu tauri ba wajen ban ruwa, ko kuma kai ne ka bar ɗan siririn zaren ƙarfen nan da ke fitowa lokacin wasawa baka cire shi ba, shi kuma zaren da farko zaka ji kamar reza, kwali ɗaya zai kwantar da shi kace ƙarfe ne mara kyau. Gaskiya mafi yawan masu zagin 8Cr13MoV anan matsalarsu take. Ka goga bakin a jikin fata, tsohon bel ma yayi, kana ja baya-baya kamar sau 10 kowane gefe, in kaifin ya dawo kuma ya zauna shikenan ba ka da matsalar ƙarfe. In kuwa ka wasa sau uku da kyau har yanzu yana kwanciya a aiki mai sauƙi, toh wuƙar ce mai laushi, kuma laifin wanda ya gasa ta ne.

Nan ya kamata in tsaya kan ban ruwa, wato yadda ake gasa ƙarfen a sanyaya shi da sauri sannan a sake ɗumama shi kaɗan, don mutane suna raina shi alhali shi ne rabin wuƙa. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, zaka ga ana rubuta HRC. Ɗauki 420HC, kabon ɗinsa bai ma kai rabin kashi 1 ba, a takarda abin tausayi ne, amma kamfanin Buck na Amurka da tsarin gashin wani ƙwararren mai ban ruwa Paul Bos suna kai shi wajen 58, kuma shi suke sa wa Buck 110 ɗin nan da ta fito tun 1964 har yau ana sayenta. Wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan wajen 56 suke, sun fi laushi ma, amma da yake ruwansu siriri ne suna yanka kamar me kuma minti biyu ya isa ka dawo da kaifinsu. Ƙarfe ɗaya a hannun kamfani biyu sai ka rantse ba dangi bane.

In kuma abinda ka gani ƙananan giɓi ne, bakin ya ɓantare nan da can kamar haƙoran zarto, toh ka fara tambayar kanka tsakani da Allah me ka yi da ita. Ka ɓanɓare murfin gwangwanin fenti? Ka kwance sukuru da tsinin? Ka bi ta kan ƙusar da ake ɗinke kwali da ita? Ba ƙarfen da zai yafe maka wannan. In baka yi ko ɗaya ba, ka ɗan buɗe kusurwar bakin, misali daga digiri 15 kowane gefe zuwa 20. Ga dabara in baka da abin awo: ka kwantar da wuƙar a kan dutse ka ɗaga gadon bayanta kamar kwatan faɗin ruwan, wannan wajen 15 kenan, in ka ɗaga kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin ka kusa 20. Wuƙa mai faɗin milimita 25 kenan zaka ɗaga wajen milimita 6 da rabi ko 8 da rabi. Ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka (marker) a bakin kafin ka fara, inda tawadar ta goge nan dutsen yake ci.

Abinda nake so ka kiyaye anan, mai fama da ɓantarewa in ya ruga ya sayi M390 don yaji ance shi ne na manya, ya gudu ne bai tsira ba. M390 na kamfanin Böhler ne a Ostiriya, kabon kashi 1.9, kuromiyam 20, banadiyam 4, cike yake da tsakuwoyi, yana daɗewa bai dakushe ba kuma tsatsa bata cika kama shi ba amma baya son murɗawa ko dukan abu mai tauri. Mai wannan matsalar 14C28N ya fi dacewa da shi, wanda kamfanin Sandvik na Suwidin suka ƙirƙiro tare da kamfanin wuƙaƙe Kershaw, kabon ɗinsa 0.62 ne kawai da kuromiyam 14 da ɗan naitirojin, tsakuwoyinsa ƙanana ne kuma kaɗan, shi yasa yake da juriya sosai yana ɗaukar baki siriri, ga shi ba tsada. Abin dariyar ma 420HC ɗin da ake rainawa ya fi M390 jure ɓantarewa nesa ba kusa ba.

Mutuwa ta uku ita ce wadda sabbin ƙarafan suke da gaskiya a kanta. Ba kwanciya ba giɓi, bakin ne kawai ya siɗe yayi sumul, yana zamewa a kan igiya maimakon ya ciza. Wannan cinyewa ce ta gaske, kuma kwali shi ne sarkin kawo ta don akwai ƙura da ƙasa-ƙasa a jikinsa da ke cin ƙarfe, haka igiya da kafet. In aikinka yini kake kana farke kwalaye kuma sai ka wasa wuƙa kullum ko ma sau biyu a rana, toh malam kai kam ka cancanci canji, kar kowa ya hana ka. Amma in sati biyun nan suka cika kaga sau ɗaya ka buƙaci dutse, me kake nema kuma?

Abinda ya bambanta sabbin shine yadda ake yinsu. A tsohuwar hanya narkakken ƙarfe ake zubawa a babban mazubi ya huce a hankali, a wannan jinkirin tsakuwoyin ke samun lokacin girma su taru waje ɗaya. A sabuwar hanya feso narkakken ƙarfen ake da iskar gas ya zama gari, kowane ƙwaro ya daskare nan take, sannan a matse garin da zafi da matsi mai tsanani ya koma dunƙule ɗaya, sai tsakuwoyin su fito ƙanana kuma a warwatse daidai. Kamfanin Crucible na Amurka ya yi suna da wannan, su suka fitar da S30V a 2001 tare da shawarar maƙerin wuƙa Chris Reeve, kabon 1.45 kuromiyam 14 banadiyam 4, a 2009 kuma suka kawo S35VN da aka rage banadiyam zuwa 3 aka ƙara niyobiyam rabin kashi don ya ƙara juriya da sauƙin aiki. Kaga S30V ɗin da ake wa kallon sarki jiya yau shi ma wasu tsoho suke ce masa, harkar kenan.

Shi MagnaCut a 2021 ya fito, wani masanin ƙarafa Larrin Thomas ya tsara shi, kuma dabararsa ta burge ni gaskiya. Maimakon ya ƙara kuromiyam sai ya rage shi zuwa 10.7, ya daidaita kabon a 1.15 da banadiyam 4 da niyobiyam 2 yadda kabon ɗin zai tafi wajen banadiyam da niyobiyam ya bar kuromiyam ya zauna a aikinsa na hana tsatsa. Sakamakon ƙarfe ne da ke jure tsatsa sosai, yana jure ɓantarewa fiye da sauran marasa tsatsa na ajinsa, riƙe kaifinsa kuma yana nan kusa da su S35VN, ana kai shi 60 zuwa 64 a tauri. Ka lura fa, ba shi ya fi kowa daɗewa da kaifi ba, akwai irin su S90V da suka fi shi a wannan, abinda ya yi fice a kai shine bashi da wani babban rauni.

Sai tsatsa, kuma anan ne zan faɗi ra'ayina kai tsaye: in akwai ƙarfen da ya kamata ya matsa gefe a wuƙar aljihu toh D2 ne, ba 8Cr13MoV ba kuma ba 420HC ba. D2 tsohon ƙarfen masana'anta ne tun wajejen shekarun 1920, an yi shi ne don injinan da ke yanka da buga wasu ƙarafan, kabon 1.5 kuromiyam 12. Mutum zai ga 12 yace ai ya haye 10.5, amma ka tuna abinda na ce ka riƙe, kabon mai yawan nan ya kwashe kusan rabin kuromiyam ɗin ya kulle a tsakuwoyi, manya-manya kuma. Sai ka samu ƙarfen da ke tsatsa, yana ɓantarewa in baki yayi siriri, ga wahalar wasawa. Abu ɗaya yake da shi, yana daɗewa yana yankan kwali fiye da su 8Cr13MoV, kuma don wannan ɗayan aka cika kasuwa da shi. Ina da wata D2 da na yini da ita a aljihu ranar da na sha zufa, da dare na buɗe naga ɗige-ɗige ja a gindin ruwan, ko ruwa bata taɓa ba. A kan benci cikin shago inda ba gumi D2 ba laifi, aljihu kuwa waje ne mai ɗumi da danshi da gishirin jiki. Duk wanda ke zaɓe tsakanin D2 da 14C28N a wuƙaƙe masu kama da juna ni 14C28N zan ce ya ɗauka, sai dai in kwali ne aikinsa safe da yamma.

In kana da D2 ɗin riga kar ka jefar, ka riƙa goge ta da busasshen ƙyalle kafin ka naɗe, ɗigon mai kaɗan sau ɗaya a sati, kusurwa kuma ka bar ta wajen 20. Ɗigon tsatsa na sama-sama man goge ƙarfe yana fitar da shi.

Toh ka yanke shawara zaka haura sama, tsaya ka duba dutsenka tukuna, wannan ne abinda masu talla basa faɗa. Tsakuwar banadiyam ta fi abin da ake yin dutsen wasawa na gama-gari da shi tauri, dutsen zai ci ƙarfen da ke kewaye amma tsakuwar kanta baya iya yanka ta da kyau, sai ka yi ta gurzawa kana gumi kaifin na ƙin zuwa. S30V da M390 da MagnaCut duk suna da banadiyam kashi 4, dutsen daimon suke so, mai lambar kaushi 300 zuwa 600 ya isa yawancin aiki sai ka ƙare da fata. Kuma da daimon ba a dannawa, nauyin hannu kaɗan, in ka danna ƙwayoyin daimon ɗin kake tumɓukewa. Na sha ganin mutum da wuƙa mai tsadar gaske a dakushe wata da watanni don ya kasa wasa ta kuma yana tsoron ya ɓata ta, abokinsa da 'yar 8Cr13MoV yana goga ta a gindin kofin tangaram yana aske gashin hannu. Wa ya fi wani kaifi a cikinsu? In baka iya wasawa ba tukuna ka koya a kan mai arahar, ita ce ke nuna maka kuskurenka da wuri don zaren yana fitowa da sauri kana ji da yatsa.

Sannan ka dubi kaurin ruwan ta bayan bakin kafin ka dubi sunan da aka rubuta. Ka kama da yatsu biyu daga sama ka gangaro a hankali ka tsaya kafin kaifin, in kaji har kusa da bakin da kauri kamar gatari toh ko da wane ƙarfe aka yi ta tsaga zata riƙa yi ba yanka ba, zaka ji tana cijewa a tsakiyar kwali ko da tana aske gashi. Wuƙa mai siririn ruwa ko ta ɗan dakushe tana wucewa. Amfanin ƙarfe mai juriya irin MagnaCut ko 14C28N ma ai shine ya baka damar sirantawa ba tare da ya ɓantare ba, kamfanin da ya sa MagnaCut ya bar ruwan da kauri kuma ya gasa shi da laushi sunan kawai ya sayar maka. Shi yasa in zaka saya ka nemi inda suka rubuta taurin, masu abin kirki basa ɓoye lambar HRC ɗinsu.

Kuma a yi hattara da jabu, rubutu a jikin ƙarfe ba wuya gare shi ba. Akwai wuƙaƙe marasa asali da ake buga wa D2 ko M390 alhali wani abu ne daban a ciki, in kaga sunan babban ƙarfe a kan wuƙar da kuɗinta bai kai na ɗanyen ƙarfen ba ka san da walakin. Da ido ba zaka gane ba, amma dutse yana tona asiri, M390 na gaske baya saurin ba da kai a dutsen gama-gari, in kaga cikin shafa biyar ya fitar da zare mai laushi yana lanƙwasa nan da can kamar cingam toh ka san abinda ka saya.

In sabuwar ta iso ka yi mata irin gwajin da ka yi wa tsohuwar, ka wasa ta da hannunka a kusurwa ɗaya da waccan, sati 2 a aljihu, aiki iri ɗaya, fitila da farce da dare, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma ko ruwan baya tsatsa kar ka manta da sauran jikin, ƙusar da wuƙar ke juyawa a kai da ƙananan sukurori da 'yan ƙwallayen da ke cikin mahaɗar ba da MagnaCut aka yi su ba, can ne ƙurar aljihu da gumi ke taruwa, ka riƙa hure wajen kana sakace shi da tsinke ka ɗiga mai ɗigo ɗaya ta kowane gefe, ka buɗe ka rufe sau da yawa sannan ka goge wanda ya tsatso.